Ciwon da finafinanmu ba sa iya jira

Duk wanda ya saba kallon finafinan Kano, ko karanta littattafan soyayya da ake turawa ta WhatsApp, ya san yadda ciwo yake ƙarewa a cikinsu. Yarinya ta yanke jiki ta faɗi, a garzaya asibiti, a ɗaura mata ƙarin ruwa, likita ya fito ya cire tabarau. Daga nan ko a yi salati a ja mata zane, ko a gano kishiyar uwa ce ta yi asiri, malam ya karya, a sha biki. Ciwon da ba ya kashewa yau, ba ya kuma warkewa gobe, ba shi da gurbi, don marubuci yana gaggawar kai mu ɗaurin aure.

Alhali irin wannan ciwon ne yake kwance a gidajen Aboabo da Asawase. Ɗauki sikila. A nan Kumasi aka fara gwajin jarirai a 1995, ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma kusan 2 cikin 100 na jariran Ghana da ita ake haihuwarsu. Ƙwayoyin jini kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ƙashi ya ɗauki zugi. Sanyin damina ko zazzaɓin cizon sauro ya isa ya tayar da shi.

Idan sikila ta shigo labari, yawanci don ta raba masoya ne: an yi gwaji, jini bai dace ba, aure ya fasu. Wannan faɗakarwa ce mai amfani, ban raina ta ba. To amma yaron da aka riga aka haifa fa? Da yayarsa da ke dafa ruwan gashi ƙarfe biyun dare, ta nemi pragya zuwa Komfo Anokye, ta wayi gari ba ta buɗe rumfarta a Kejetia ba? A fim, mai zaman jinya waliyyiya ce mai carbi da hawaye. Ba ta gajiya, ba ta lissafin kuɗin magani, ba ta taɓa yi wa mara lafiya tsawa ta koma bayan ɗaki ta yi nadama. Matar da ke kallo, wadda ta yi duk wannan jiya, sai ta ɗauka ita ce mara imani.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Allo ya koya mana cewa ciwon gaske ana ganinsa, da jini da bandeji. Saurayin da ke murƙususu babu rauni a jikinsa sai a ce raki ne, tun da aka shiga yaƙi da tiramol kuwa, neman maganin zugi ma ya zama abin zargi, wani lokaci daga bakin mahaifinsa.