Tsirkiyar da Ke Amsa Wa Mai Ita

In ana zancen waƙar baka, hankali kan tafi ga makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, masu ayarin 'yan amshi. Ba a cika yi wa makaɗin da daga shi sai tsirkiyarsa adalci ba. Shi masu saurarensa direbobi ne da 'yan dako da fatake, mutanen wurare irin su Gagarawa Tasha a kan layin dogon Kano zuwa Nguru, ko kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Tun da ba shi da ubangida guda da zai wasa, sai ya koma kan soyayya da talauci da halin mutane.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san gurmin Haruna Uji na Haɗeja. A saurare shi da kyau. Zai rera ɗango ya yi shiru, gurmin ya karɓa ya ƙarasa abin da baki ya rage. Tsirkiyar ce 'yar amshinsa, kuma a nan gwanintar take: sanin inda za a tsaya, da daɗewar da kiɗa zai yi kafin murya ta dawo. Ɗan Maraya Jos ya kai abin maƙura da kuntigi, tsirkiya ɗaya tak a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata. Da ita ya yi "Waƙar Karen Mota", ya ɗaga darajar yaron da ba wanda ke kallo a tasha. A "Jawabin Aure" kuwa shi ne mijin, shi ne matar, kuntigin na shiga tsakani.

Haka kiɗan bulus yake a Amurka. B.B. King, wanda aka haifa a 1925 a gonakin audugar Misisipi, ba ya cika haɗa rerawa da kaɗawa lokaci guda. Sai ya sauke murya jitarsa Lucille ke magana. Ya rasu a Mayun 2015, Ɗan Maraya ya bi shi a watan Yuni. Masana sun daɗe suna danganta banjo da kayan tsirkiyar Afirka ta Yamma da bayi suka tafi da iliminsu, Ali Farka Toure na Mali kuma ya tsaya a kan cewa bulus ɗan gida ne. Ni dai ba na son a auna darajar gurmi da kamanninsa da jita, domin ya isa da kansa.

Abin da ke damuna shi ne situdiyo. Fiyanon da ake ɗora waƙoƙin yanzu a kai ba ya jiran mawaƙi, shi mawaƙin ke bin sa. Yaron da ke da murya a Gumel ko Sule Tankarkar, Kano zai nufa a buga masa kiɗa a kwamfuta, ba zai zauna shekaru gaban mai gurmi yana koyon ɗaurin tsirkiya ba.