Tambayar da ke mayar da ido kan kaya: nazari kan koyarwa a gidan tarihi

A shekarar 2001 wasu masu bincike biyu, Jeffrey Smith da Lisa Smith, suka fitar da sakamakon wani awo da suka yi a gidan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York. Sun auna tsawon lokacin da maziyarci yake tsayawa gaban shahararren zane, suka tarar galibi bai cika daƙiƙa 30 ba. Mutum ya taso daga uwa duniya, ya leƙa, ya karanta ɗan rubutun da ke gefe, ya yi gaba. Babban aikin mai koyarwa a gidan tarihi shi ne ya tsayar da wannan ƙafa, ya sa ido ya daɗe a kan kaya, kuma tambaya ce makaminsa na farko.

Sai dai tambaya suna ta tara. Wadda aka fi ji a bakin jagora ita ce irin ta jarrabawa: "Wa ya san shekarar da aka yi wannan?" ko "Wa zai faɗa mini sunan sarkin da ya sa wannan sulke?" Irin wannan ƙanwar kacici-kacici ce, amsarta guda ce kuma tana aljihun mai tambaya, wanda ya kasa sai ya ba da gari. Yaro ɗaya ko biyu masu ƙoƙari a aji za su ɗaga hannu, sauran su yi tsuru-tsuru. Abin da ya fi damuna da ita shi ne inda take kai idon yara. Duk sai su zuba wa fuskar jagora ido suna laluben abin da yake so a ce, kayan da aka zo gani kuwa suna bayansu.

A wani gidan zane-zane na New York da ake kira MoMA aka yi wa wannan matsala gagarumin nazari. Philip Yenawine, wanda ya shugabanci sashen ilimi na gidan daga 1983 zuwa 1993, ya gayyato Abigail Housen, masaniyar halayyar ɗan Adam, don a gano ko maziyarta suna riƙe abin da ake koya musu. Sakamakon bai yi daɗi ba: mutane suna jin daɗin lacca, amma kaɗan ne yake zama a kansu. Daga nan su biyun suka tsara hanyar da aka sani da VTS, wadda ta tsaya kan tambayoyi uku kacal. Me ke faruwa a wannan hoto? Me ka gani da ya sa ka faɗi haka? Me kuma za mu iya ganowa? Jagora ba ya cewa "daidai" ko "kuskure". Yana nuna wurin da ake magana a kai da hannu, ya maimaita abin da mutum ya faɗa da nasa kalmomin, ya haɗa maganar wannan da ta wancan.

A ganina tambaya ta biyun ce ƙashin bayan hanyar. A ce jagora ya tsayar da 'yan firamare gaban kan mutum-mutumin Nok na yumɓu a gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Wata yarinya ta ce, "Malam, wannan mai kuɗi ne." Jagoran da ya saba da lacca zai yi murmushi ya wuce. Wannan kuwa sai ya ce, "Me kika gani da ya sa kika ce haka?" Dole ta sake duba. Ta nuna gashin da aka tufke shi curi-curi, ta ce wanda yake wuni a gona ba shi da lokacin irin wannan kitso. Wani yaro ya ce a'a, shi tsoro yake gani, don idanun a buɗe suke tar, kuma an huda tsakiyarsu. Na uku ya lura hanci ma an huda. Cikin 'yan mintuna sun ga abin da babba yake wucewa bai gani ba, sun kuma koyi kafa hujja da abin da ke gabansu. Ba abin mamaki ba ne da makarantar koyon likitanci ta Yale take kai ɗalibanta gidan zane don su koyi kallon tsanaki kafin su yanke hukunci kan ciwo.

Akwai kuma batun shiru. Mary Budd Rowe, malamar kimiyya a Amurka, ta nuna tun farkon shekarun 1970 cewa malami yakan jira kusan daƙiƙa 1 ne bayan ya yi tambaya, sannan ya amsa da kansa ko ya kira wani. Idan ya daure ya kai daƙiƙa 3, amsoshi sukan yi tsawo, kuma waɗanda ba sa magana su fara sa baki. A wurinmu, inda aka tarbiyyantar da yaro kada ya yi saurin buɗe baki gaban manya, jiran ya kamata ya fi haka, kuma zai fi kyau malamin ajin ya koma baya da bulalarsa.

Duk da haka ban yarda a mayar da tambaya addini ba. Rika Burnham da Elliott Kai-Kee, a littafin da suka fitar a 2011 kan koyarwa a gidan zane, sun yi suka mai ƙarfi kan yawan tambaya, domin sau da yawa jagora yana jan mutane ne da ita zuwa inda ya riga ya nufa, su kuma suna ganewa. VTS ma tana da nata gibin: tana hana jagora ba da bayani, alhali akwai abin da kallo ba zai taɓa nunawa ba. Ko yara sun kwana suna duban kan Nok, ba za su san cewa a ramin haƙar kuza aka fara tono irinsa a 1928 ba, ko cewa wani kan Nok da aka samo a Jema'a, wanda ya zo hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg, sai da ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya. Ɓoye musu wannan rowa ce.

Abin da ya rage wa jagora shi ne sanin lokacin. Idan yaron nan da ya lura da hujin hanci ya juyo ya ce, "To Malam, me ya sa aka huda?", a nan ake gaya masa cewa cikin kan a rarake yake, kuma masana suna ganin hujin ya taimaka wa zafi da tururi su fita lokacin gashi don kada yumɓun ya fashe. Da an faɗi wannan tun a bakin ƙofa, da ta bayan kunne zai bi. Irin wannan aiki kuwa ba ya yiwuwa da yara 60 a tsaye gaban gilashi guda, sai an raba su rukuni-rukuni, an kuma haƙura da zagaye dukan ɗakuna, a tsaya kan kaya uku ko huɗu.