Rigar ta kowa ce, hoton fa na wa?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a nan Sabo ranar da Super Eagles ke wasa ya san yadda hutun rabin lokaci yake. Mai gidan kallo ya fita duba man janareto, mai shayi ya leƙo, su kuma tallace-tallace su yi ta zuwa a jere: na kamfanin waya, na banki, na lemon kwalba, kowanne da koriyar riga da tuta da ganga. Yawancinmu ba ma ko ɗaga kai, lokacin gardama ne kan wanda ya ɓarar da ƙwallo. To mu dai mun ce bari mu daure mu kalle su, tunda ta cikinsu ne ake gaya wa duniya, da 'ya'yanmu da ke zaune a benci na gaba, yadda ɗan Najeriya yake.

Mu fara da wanda ya fi kowanne suna, wato tallar rigar 2018 da kamfanin Nike ya yi wa laƙabi da "Naija". Gaskiya rigar ta yi kyau, babu mai musu. Zanen kore da fari mai kama da gashin mikiya, hannuwa baƙi da fari, an ɗauko shi ne daga rigar 1994, ta zamanin su Rashidi Yekini. A Landan aka fara nuna ta, a watan Fabrairun shekarar. Da aka fito da ita kasuwa ranar 1 ga Yuni, layi aka yi a titin Oxford kamar ana rabon kuɗi, kuma ba a jima ba ta ƙare. Mu nan jabu muka saya, kowa ya sani, ɗari bisa ɗari na wanda muka gani a jikin samarin unguwa daga dila ta fito. Amma mun sa ta da alfahari.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne Najeriyar da tallar ta zana. Ga Alex Iwobi, ga mawaƙi Wizkid, ga samari da 'yan mata masu ado irin na Legas da na 'yan Najeriya mazauna Landan. Kiɗan na Legas, maganar Turancin buroka. Ba laifi ba ne a nuna Legas, muna da 'yan'uwa a Agege da Idi-Araba, Legas tamu ce. Sai dai an ɗauki unguwa guda an ce ita ce gari. Makonni uku da fitowar rigar, ranar 22 ga Yuni, a birnin Volgograd na Rasha, wa ya sa rigar nan ta yi daraja a fili? Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, da ƙwallo biyu a ragar Iceland. Wasan da kaɗai muka ci ke nan a gasar. Shi ne kuma ya zura biyu a ragar Ajantina a 2014. A ranar kowa ya tuna akwai Arewa, har maƙwabtanmu Yarbawa suna wucewa suna ɗaga mana hannu, sai ka ce mu muka haife shi.

Kafin mu ci gaba, akwai wata magana da muke ji a gidan kallo wadda ba mu yarda da ita ba, gara mu faɗa tun yanzu. Wasu cikinmu idan suka ga an sa hoton William Troost-Ekong ko Leon Balogun a allon talla, sai su ce, "Kai, waɗannan ai Turawa ne, me suka sani game da Najeriya?" An haifi Ekong a Haarlem ta ƙasar Holan, uwarsa 'yar can ce, ubansa ɗan Najeriya. An haifi Balogun a Berlin, uwarsa Bajamushiya. Da suka haɗu a tsakiyar baya, 'yan kallo suka riƙa kiransu katangar Turawa. Haka ma Ashleigh Plumptre ta Super Falcons, haifaffiyar Leicester a Ingila, wadda ta jingina da kakanta na wajen uba, mutumin Legas. Kafinsu akwai Osaze Odemwingie da aka haifa a Tashkent.

Jama'a, in kowa a ƙasar nan zai yi wannan magana, ban da mu. Mu da aka haifa a Ibadan, iyayenmu a nan aka haife su, kakanninmu a nan aka binne su, Sabo na nan tun 1916, amma har gobe ana tambayarmu yaushe za mu koma gida. In mun je Kano ko Sakkwato kuma a ce Hausarmu ta sha Yarbanci. Wanda ya san zafin a ce masa baƙo a inda aka yanke masa cibiya, bai kamata ya ɗauki wannan wuƙa ya soki wani ba. Ekong ya ci mana ƙwallo da ka a wasan ƙarshe a Abidjan ranar 11 ga Fabrairun 2024, kuma shi aka zaɓa gwarzon gasar duk da mun sha kashi 2-1. Plumptre na cikin waɗanda suka ɗauko kofin mata na Afirka karo na 10 a Rabat a watan Yulin 2025, bayan Maroko ta fara cin mu biyu. Me kuma ake nema a wurin mutum?

Ƙorafinmu da masu talla ne, ba da 'yan wasan ba. Su masu talla sun gano cewa farar fata cikin koriyar riga tana jan ido, tana kuma sa a ce ƙungiyarmu ta haɗa kowa da kowa. Wannan ma'auni ne na Turai. A can, idan aka ce an haɗa jinsi, ana nufin baƙi da fari a hoto ɗaya, kamar yadda Faransa ta yi ta yayata ƙungiyarta ta 1998, ta su Zidane da Thuram da Deschamps. Mu namu bambancin ba a fata yake ba. Yana cikin harshe, da addini, da takardar da ake ce ka kawo kafin a ba ɗanka gurbin karatu. Yaron da aka haifa a Haarlem, hukuma ta bi shi har gida, ta yi masa fasfo, aka sa hotonsa a bakin titi aka ce ɗanmu ne, kuma daidai ne. Yaron da aka haifa a bayan masallacin Sabo ya je neman takardar shaidar asali, aka ce ya tafi garin kakansa, garin da bai taɓa kwana a ciki ba. Wannan ya faru da yaran gidajenmu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Talla na iya rungumar na farko cikin sauƙi, domin ba ta jawo wata tambaya. Na biyun ne ba a son taɓawa.

Idan kuma masu tallar gida suka tashi nuna haɗin kan ƙasa, sai su koma kan tsohuwar dabarar nan ta Wazobia: mutum uku a kan kujera, ɗaya da hular Yarbawa, ɗaya da jar hula, ɗaya da babbar riga, a ci ƙwallo su rungumi juna. Kamar dai hoton da ke jikin takardar naira hamsin. Ƙasa mai ƙabilu sama da 250 an mayar da ita huluna uku. Ina Banufe, ina Babarbare, ina Tibi? Shi kansa Ekong ai ba ya cikin ukun nan, haka Victor Osimhen, ɗan Edo da ya tashi a Olusosun ta Legas yana sayar da ruwa a cikin cunkoson motoci. Sa'an nan ku lura da mai babbar rigar. Sau da yawa ba ya cewa komai, sai murmushi. In an ba shi magana, to kalma ɗaya ce, ko "kai", ko "walahi" da lafazin da ke nuna ɗan wasan kwaikwayon bai taɓa shan fura a Kano ba. In ba a kan kujera aka sa shi ba, to yana bakin ƙofa da rediyo a kunne, ko yana juya tsire. Sana'ar tsire ba abin kunya ba ce, da ita aka gina gidaje da yawa a unguwar nan. Amma a ce kullum nan ne matsayinmu a hoton ƙasa, ga ɗan canji, ga malamin makaranta, ga direban tirela, ga 'yar jami'a, duk a layi ɗaya a Sabo?

Abin takaicin shi ne labarin gaskiya ya fi wanda suke ƙirƙira daɗi. Ahmed Musa a Jos aka haife shi, mahaifiyarsa 'yar Edo ce. John Obi Mikel, Inyamuri ne da ya tashi a Jos, yana jin Hausa. Daniel Amokachi ɗan Kaduna ne, in ya buɗe baki da Hausa ba ka ce ba Bahaushe ba ne. Celestine Babayaro ma Kaduna. Su ne mu, an juya hoton: 'ya'yan baƙi a Arewa kamar yadda muke 'ya'yan baƙi a Kudu. Ƙungiyar da ta ci zinare a Atlanta a 1996 akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal a ciki. Babangida ne kuma ya ci Afirka ta Kudu biyu a wasan kusa da na ƙarshe a 2000, a Legas, filin ya ɗauka da sunansa. Ga Shehu Abdullahi na Sakkwato, ga Zaidu Sanusi na Jega da ya kai ƙungiyar Porto. Da wani mai hankali zai sa Mikel da Musa su zauna su yi hirar minti ɗaya da Hausa, a rubuta fassara a ƙasa, wallahi da ya fi huluna ukun nan aiki sau dubu. Ba kuɗi ne ya hana ba, tunanin ne bai je wurin ba.

Ga wani abu da za a iya jefo mana, kuma muna so mu riga mai jefowa. Ba muna cewa a raba gurbin 'yan wasa jiha-jiha ba, yadda ake raba ministoci. Duk lokacin da aka fitar da sunaye sai ka ji wani ya ƙirga 'yan Arewa ya ce an yi mana wariya. Wani lokacin akwai ƙamshin gaskiya, musamman yadda ake raina masu buga gasar cikin gida. Amma fili ba ya karɓar alfarma. Koci ya ɗauki wanda ya iya, ko duka goma sha ɗayan daga gida ɗaya suka fito. Talla kuwa ba haka take ba. Babu wanda ya ci gasa kafin a sa shi ɗan kallo a cikin talla. Mutane ne suka zauna a ofis suka zaɓi fuska, suka zaɓi harshe, suka zaɓi unguwar da za a ɗauki hoto. Abin da aka zaɓa da gangan kuwa ana iya tambayar dalilinsa.

Inda za ka gane zurfin ƙaunar da ke cikin tallan nan shi ne ranar da aka yi rashin nasara. Mun tuna 17 ga Yunin 2010, a Bloemfontein, muna gaba da Girka da ci ɗaya, Sani Kaita ya kai wa ɗan wasansu ƙafa aka ba shi jan kati, aka ƙare 2-1. Ya yi kuskure, mu ma mun yi fushi da shi. Amma washegari a tasha da kasuwa ba Kaita ake zagi ba, "aboki" ake zagi, har barazanar kisa aka aika wa yaron. Maduka Okoye, haifaffen Jamus, ya sha irin wannan bayan Tunisiya ta fitar da mu a Garwa a 2022: jiya ana yaba kyansa, yau ana ce masa ya koma inda ya fito. Iwobi ya goge hotunansa a Instagram bayan wasan Abidjan saboda zagi, kuma Ahmed Musa na cikin waɗanda suka fito fili suka ce a bari. Irin abin da aka yi wa Bukayo Saka da Rashford da Sancho ne a Ingila a 2021 bayan sun zubar da fenareti. Kamfanonin da suka yi ciniki da fuskokin yaranmu, mu dai ba mu ga allonsu ko ɗaya a makon zagin ba.

Mu ma da namu laifin, kada mu yi kamar ba mu sani ba. Filin wasa na Adamasingba ga shi nan, tafiyar ƙafa ce daga Sabo, amma nawa ne cikinmu ke shiga kallon Shooting Stars? Mun fi sanin benci na Arsenal. Mai talla lissafi yake yi, in bai gan ka a fili ba, bai gan ka a kanti ba, ba zai sa ka a hoto ba. Batun 'yan mata kuwa, kafin mu nemi a nuna mana mai hijabi a tallar Super Falcons, sai mu tambayi kanmu uba nawa ne a layinmu zai bar 'yarsa ta taɓa ƙwallo. Tun 2014 FIFA ta halatta wasa da ɗankwali, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya da hijabinta. Ƙofar a buɗe take, daga ɓangarenmu ne aka sa sakata.

Ran Asabar da ta wuce mun tsaya kallon yaran unguwa suna buga ƙwallo da yamma. Ɗaya ya sa tsohuwar rigar 2018 ɗin nan, ta koɗe, lamba 7 a baya. Yana kiran ɗan bayansa da Hausa, ya juya ya yi wa gola faɗa da Yarbanci, alƙalin wasa ya hura usur ya yi masa gardama da buroka. An tashi 3-2, su aka ci, kuma har aka kira sallar magariba bai yarda cewa ta ukun ta shiga ba.