Wa Ya Taɓa Zama Da Mutanen Misfala?

 A yau shirin zai leƙa unguwar Misfala ne a birnin Makka, domin bitar wani fanni na kimiyya da ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, wato binciken al'adun jama'a ta hanyar zama da su, wanda masana ke kira etnografi.

Da wuya a sami wanda ya sauke farali daga Nijeriya ko Nijar bai san Misfala ba. Unguwa ce a kudu da Harami, a gangaren kwarin Makka, kishiyar Ma'ala da ke ta sama. Nan ake sauke da yawa daga alhazanmu, nan kuma mutum zai ji Hausa na tashi tamkar yana Fagge, har ya sayi tuwo da miyar kuka a hannun matan da ake kira 'yan takari. To amma abin da aka rubuta game da waɗannan mutane, wa ya rubuta shi, kuma ta yaya ya same shi?

Ƙa'idar wannan bincike dai, tun bayan da Bronislaw Malinowski ya fitar da littafinsa kan tsibiran Trobriand a 1922, ita ce mai bincike ya koyi harshen mutane, ya zauna cikinsu watanni ko shekaru, ya ci abin da suke ci, ya rubuta abin da ya gani kullum kafin ya kwanta. Da haka Mary Smith ta samo tarihin Baba ta Karo da ya fito a 1954, da haka kuma Abner Cohen ya rubuta littafinsa kan Hausawan Sabo na Ibadan a 1969. To sai dai a Makka akwai katangu biyu. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga. Sannan mutumin da ke zaune ba igama, in ya ga baƙo da biro da takarda, ai sai ya ɗauka askar ne ya turo shi.

Littafin da aka fi ambata a wannan fage shi ne "Mekka" na Snouck Hurgronje, wani masani ɗan ƙasar Holland. Ya sauka Jidda a 1884, ya bayyana Musulunci da sunan Abdulgaffar, ya shiga Makka a watan Fabrairun 1885, ya zauna har watan Agusta lokacin da hukumomin daular Usmaniyya suka umarce shi da ya fice, tun kafin aikin Hajji. Littafin ya fito da Jamusanci cikin juzu'i biyu a 1888 da 1889. A gaskiya mutumin ya iya kallo. Ya yi bayanin yadda ake ɗaurin aure da saki, da yadda malamai ke ba da karatu a Harami, da yadda mutanen Makka ke jiran lokacin alhazai kamar yadda manomi ke jiran kaka. Har yau masu tarihi ba su da abin da ya kai shi a kan rayuwar birnin ta wancan zamani.

Amma fa masu sauraro, a yi la'akari da yadda aka samo wannan ilmi. Mutanen da suka buɗe masa ƙofofinsu sun ɗauka ɗalibi ne mai neman karatu, ba wanda ya nemi izininsu a kan a buga sirrin gidajensu a Turai. Kazalika ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Wani mutumin Banten mai suna Raden Abubakar Djajadiningrat ya tattara masa bayanai masu yawa, sannan da dama daga hotunan da suka sa aikin ya yi suna wani likita ne ɗan Makka ya ɗauke su, wanda shi ma, abin mamaki, sunansa Abdulgaffar. Suna dai ya tafi ga Bature. Abin da ya fi muni kuwa, kashi guda cif na juzu'i na biyu a kan Jawawa ne, wato mutanen Indonesiya da Holland ke mulka, kuma daga 1889 Snouck ya koma mai ba gwamnatin mulkin mallaka shawara, har a yaƙin Aceh. Ke nan idonsa na kan waɗanda gwamnatinsa ke tsoro ne. Baƙar fata kuwa ya fi tsayawa a kansu ta fuskar bauta, wadda ma ya yi ƙoƙarin nuna cewar mai sauƙi ce.

Kafin shi, Burckhardt ɗan Suwizalan da ya shiga Makka a 1814 ya ambaci Takarir, ya lissafa sana'o'insu: dako, da ɗebo itace daga duwatsu, da saƙar tabarma. Lissafi ne na mai wucewa.

Ni a ganina, wanda ya nuna yadda ya kamata a yi shi ne Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 mai suna "Permanent Pilgrims". Ya zauna da Hausawan yankin Jazira a Sudan, ƙasar da hijira ta kai dubban mutane bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunne, waɗanda aka haifa a can, ba su taɓa ganin Ka'aba ba, amma in ka tambaye su sai su ce su matafiya ne a kan hanyar Makka, ƙauyukansu ma zango suke ɗaukarsu. Da takardar tambayoyi ya raba, ai da ya rubuta "manomin auduga" kawai ya wuce. Zama ne ya nuna masa cewar niyyar Hajji ita ke juya duk rayuwarsu. To amma littafin a Sudan ya tsaya, bai ƙetare Bahar Maliya ba. Ita kuwa Susan O'Brien, wadda ta yi rubutu a 1999 kan 'yan bori da zuwansu Saudiyya, a Kano ta saurari waɗanda suka komo. Aiki ne mai amfani, sai dai wanda ya dawo gida yakan ba da labari ne yadda zai fita kunya.

Illar wannan giɓi kuwa ita ce a jefa kowa cikin buhu ɗaya da sunan takari. Alhali akwai iyalan da suka zama 'yan ƙasa tun kakanni, masu laƙabin Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, Usama Hausawi, haifaffen Makka ne. Akwai waɗanda aka haifa a can amma ba su da takardar ko wace ƙasa, akwai kuma wadda ta zo Umra ta maƙale tana aikatau. Wahalarsu ba ɗaya ba ce, Hausarsu ma ba ɗaya ba ce.

Masana daga jami'o'in Kano da Sakkwato da Yamai katanga ta farko ba ta tare su ba, ga harshe kuma suna da shi. Amma kwana talatin ko arba'in na aikin Hajji ba bincike ba ne, haka nan ɗaukar mai tuwo a waya a watsa a intanet. Ana buƙatar izinin hukuma da yardar mutanen, da sauya sunaye, domin tun bayan kamen da aka tsananta a watan Nuwamban 2013, suna guda da ya fita a takarda na iya raba uwa da 'ya'yanta. Ga shi kuma lokaci ba ya jira, domin manyan otal-otal irin na Jabal Umar sun riga sun cinye tsofaffin lungunan da ke maƙwabtaka da unguwar, tsofaffin da suka zo ta ƙasa ta Sudan kuma sai ƙarewa suke yi.

To masu sauraro, a nan za mu dasa aya, sai kuma mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.