Tiransistar da Ta Iya Rufe Baki Ruf

Wallahi ban gaji da karanta aikin Andras Kis da ɗalibansa na jami'ar EPFL da ke Lozan a Suwizalan ba, wanda suka fitar a 2011. Aiki ne na gani na faɗa!

Duk mai kai waya wurin masu caji a kasuwar Sanyinna ya san ciwon batirin da ke zuƙewa ko ba a taɓa wayar ba. Wani ɓangare na wutar yana yoyo ne ta biliyoyin tiransistocin da ke cikinta, ƙananan makunnan da ke buɗe wa lantarki hanya su kuma rufe. Da Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare girafin da salatif daga girafait, baƙin nan na cikin fensir, a Manchesta a 2004, duniya ta ɗauka an gama. Kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya tak, lantarki na gudu a cikinsa ba birki, har suka ci kyautar Nobel a 2010. Sai dai girafin famfo ne mai ɗiga: a murɗa shi iya murɗawa, ba ya rufewa.

Nan su Kis suka burge ni. Suka ɗauko MoS2, sinadarin da aka daɗe ana zubawa a giris ɗin makanikai, suka ɓare shi zuwa falle ɗaya mai kaurin nanomita 0.65, suka lulluɓe shi da hafniyom okzayid, suka ɗora masa ƙofar da ke kunna shi da kashe shi, ya zama tiransista. Wutar da ke wucewa in an kunna ta ninka ta lokacin da aka kashe kusan sau miliyan 100. Allahu Akbar!

Abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne yadda kayan ke jin magana. Giɓin makamashi ne ke sa tiransista ta iya rufewa, girafin kuwa ba shi da shi; MoS2 mai kauri giɓinsa kusan 1.2 eV ne. A mayar da shi falle ɗaya, giɓin ya haura zuwa 1.8. Girafin ɗin ma ba a bar shi ba: a 2009 masana a Bakili ta Amurka suka buɗe giɓi a falle biyu da ƙarfin lantarki kawai, a 2018 kuma Pablo Jarillo-Herrero na MIT ya karkata falle ɗaya kan ɗaya da digiri 1.1, cikin tsananin sanyi lantarki ya wuce ba turjiya sam.

Har yanzu silikon ne sarki a kasuwa, ba musu. Amma a 2025 jami'ar Fudan ta Shanghai ta haɗa tiransistocin MoS2 guda 5,900 ta ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna WUJI, kuma ta yi lissafi. Ina fatan ɗaliban fiziks na Jami'ar Usmanu Danfodiyo za su nemi takardar 2011 ɗin nan su karanta ta layi-layi.