An Buga Littafi, Saura Mai Karantawa

A hutun da ya wuce wani tsohon almajirinmu ya zo gaishe mu a nan Daura. Da muka gama gaisawa sai ya roƙe mu mu bi shi gida mu ga wani abu da ya dame shi. Muka tarad da littattafai ƙunshi-ƙunshi jibge a kusurwar ɗaki, an ɗaure su da igiya. Labari ne shi ya ƙaga da kansa. Ya sayar da tumakinsa biyu, ya ranci ciko wurin kawunsa, ya kai Kano aka buga masa. Wata bakwai ke nan da kawo su, waɗanda suka fita ba su kai 20 ba, rabinsu kuwa kyauta ya bayar. Gara ta fara cin na ƙasa. Kawu kuma ya soma aiko da gaisuwa akai-akai, irin gaisuwar nan ta mai bin bashi. Yaron ya dube mu ya ce, "Malam, ni na zaci in an buga littafi aiki ya ƙare."

To, mun sani akwai da yawa cikinku, 'yan makaranta, waɗanda ke da littafin rubutu ɓoye a ƙarƙashin akwati, suna ƙaga labari da dare, suna jiran ranar da za su ga sunansu a bango. Wannan abin kirki ne, Allah ya cika muku buri. Amma muna so ku san abin da ɗan'uwanku bai sani ba tun ba ku sayar da naku tumakin ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu: ga ruwa a ciki, ga mutane da ƙishi, amma maciji ya tare, ba a ɗiba sai ran Jumma'a. Haka littafin da ke ɗaure a ɗaki ya ke. Tambayar ita ce, ta wace hanya labari zai bar hannun mai shi ya shiga kunnen jama'a?

Ba yau aka fara wannan tambaya ba. A 1933 Rupert East, Baturen da ke kan ofishin fassara na Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, aka sa gasa. Bai sami abin da sauƙi ba, don a ganin malaman lokacin, alƙalami na addini ne da sani, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Duk da haka aka sami littattafai biyar, suka fara fitowa a 1934: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Gandoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East. Dukansu sababbin hannu ne, kamar ku. Malam Abubakar Imam ma yana da shekara 22 ne kaɗai, yana koyarwa a Midil ta Katsina.

Ku lura da kyau. Ofishi ɗaya ya buga su, zamani ɗaya, hanya ɗaya kuma suka bi zuwa makarantu. Amma ku tambayi 'yan ajinku yau wa ya san Malam Zurƙe, za ku ga hannuwa sun tashi ana murmushi. Sa'an nan ku tambayi wa ya taɓa riƙe Idon Matambayi, ku ji ɗakin ya yi tsit. Tun da hanyarsu ɗaya ce, ashe wani abu ne a cikin littattafan kansu ya sa wani ya yi nisa, wani ya tsaya.

Mu dubi ginin Ruwan Bagaja. Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan nan mai magani, yana tafe gari-gari, kusan ko ina ya sauka sai ya gamu da Malam Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan wayo, gobe wancan ya rama. Ko wane gamo labari ne cikakke, mai kai da ƙafa, wanda za a karanta a zama ɗaya bayan sallar lisha a gama tun fitila ba ta sha mai ba. Jimlolinsa gajeru ne, mutanen ciki suna magana irin ta bakin kasuwa. Wanda ya ji da dare yana iya maimaita wa abokinsa da safe a gona, ko bai san baƙi ba. A zamanin da masu karatun boko 'yan kaɗan ne, ɗan makaranta ɗaya ke karantawa, zaure guda na sauraro. Malam Abubakar Imam don kunne ya rubuta, saboda haka ko wane mai sauraro ya zama ɗan tallansa, ba ko kwabo.

Kada ku ce ai sai labarin ban dariya ke yin haka. Shaihu Umar ba dariya a cikinsa. Tafiyarsa a natse ta ke, irin ta dattijo mai ba almajirai labarin ransa. Amma ana iya faɗin zuciyarsa da numfashi ɗaya: an sace yaro a zamanin bauta, uwarsa ta bi sawunsa har ta ƙetare hamada. Duk wanda ya ji wannan zai so ya ji yadda aka ƙare. Shi ya sa Mervyn Hiskett ya juya shi da Turanci a 1967, aka mai da shi wasan kwaikwayo, har Adamu Halilu ya yi majigi da shi a 1976. To, ga awo na fari da za ku yi wa naku. In wani ya tare ku a hanya ya ce, "Labarin me ka rubuta?" kuka kasa ba shi amsa kafin ku kai bakin lungu, to, littafin bai nuna ba tukuna.

Sai dai mu faɗi gaskiya, kada mu ruɗe ku. Kyau kaɗai bai ɗauki Ruwan Bagaja ya kai shi ko ina ba. Hukuma ta sa shi cikin littattafan makaranta, aka yi ta bugunsa shekara da shekaru. Mai shi kuma ya ƙara da Magana Jari Ce a 1937, sa'an nan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a watan Janairu 1939, sunansa ya shiga ko wane gari. Ku ba ku da wannan gata. In haka ne, sai mu dubi waɗansu da su ma ba su da shi.

Daga tsakiyar shekarun 1980 samari da 'yan mata, galibi a Kano, suka daina jiran kamfani ya karɓi rubutunsu. Suka riƙa tara kuɗi suna bugawa da kansu, suna kai wa masu sayarwa a kasuwa. Har aka laƙaba wa aikinsu sunan adabin kasuwar Kano, da nufin raini. Cikinsu akwai Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna. Dabarunsu abin koyi ne. Sun haɗa kai cikin ƙungiyoyi, irin su Raina Kama, ko wane littafi ya fito yana ɗauke da sunayen littattafan sauran, watau kowa na tallan ɗan'uwansa, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sun sa kuɗi daidai aljihun 'yar makaranta da matar aure. An riƙa karanta labaransu a gidajen rediyo, masu rumfuna kuma suna ba da hayarsu. Ku ga fa, hanyar zauren nan ce ta 1934 ta dawo da sabuwar riga: a ji tukuna, sa'an nan a saya. Amma akwai abin da ba mu yaba ba. Waɗansu sukan tsinka labarin da bai wuce littafi ɗaya ba su mai da shi kashi uku ko huɗu, su yanke shi daidai inda ya yi daɗi don a sake biya. Wannan yakan ci kasuwa sau ɗaya, amma mai karatu ba ya mance wanda ya yi masa mudu mai rami.

Daga waɗannan duka ga abin da muka tsamo muku.

Na fari, ku gwada labarin da kunne tun bai je maɗaba'a ba. Ku tara mutum biyar ko shida waɗanda ba su jin kunyarku, har da tsohuwa wadda ba ta yi boko ba, ku karanta musu. Kada ku tambaye su ko ya yi daɗi, don za su ce ya yi. Ku dubi fuskokinsu. Inda suka fara hamma ko duban ƙofa, ku sa alama, ku koma ku gyara. In kun tsaya wani ya ce, "Sai me ya faru?" to, kun kama hanya.

Na biyu, suna. Ku dubi Gaskiya Ta Fi Kwabo: sunan ya faɗi kuɗin jarida, ya kuma faɗi abin da za ka samu. Ku dubi Magana Jari Ce da Jiki Magayi, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu na 1990, wanda aka juya da Turanci aka buga a ƙasar Indiya a 2012. Duk magana ce da ta riga ta zauna a bakin Bahaushe. Sunan da mutum zai iya riƙewa daga Baure ya kai shi kasuwar Daura bai zube ba, shi a ke nema.

Na uku, ku buga kaɗan. Mai maɗaba'a zai ce muku in kun buga da yawa ko wane ɗaya zai fi araha. Gaskiya ya faɗa, amma ba shi zai kwana da su a ɗaki ba. Gara ku koma ku ƙaro da ku ciyar da gara.

Na huɗu, ku ba da ɗanɗano. Yarinya mai tallan ƙuli-ƙuli ta fi yawancin marubuta sanin wannan. Ku roƙi malamin Hausa na makarantarku ya bar ku ku karanta wa aji babi ɗaya. Ku kai wa gidan rediyo. Ku shiga gasa in ta samu, gama gasa ce ta fito da Malam Abubakar Imam, ita ce ta fito da Hafsatu Abdulwaheed da So Aljannar Duniya a 1980, a 2016 kuma sashen Hausa na BBC ya buɗe wa mata gasar Hikayata. Wanda ke da wayar hannu yana iya aika wa mutane babi ɗaya, ko a rubuce ko da muryarsa. Amma ɗanɗano muka ce. Wanda ya juye tukunya duka a titi, me zai sayar?

Na biyar, ku je inda mutane su ke. Daura gari ne na bakin iyaka. Kasuwar Mai'aduwa tana tara fatake daga Nijeriya da Nijar, mutanen Magarya da Matamaye da Damagaram duk Hausa su ke ji. Akwai Zango, akwai Sandamu, akwai taron Sallar Gani da ke jawo baƙi cikin birni. In za ku bar wa mai rumfa littattafai, ku bar kaɗan, ku yanka masa la'adarsa a fili, ku rubuta adadi da ranar komowa a gaban shaida. Zumunci da yawa ya ɓaci a kan bashin da ba a rubuta ba.

Na shida, ku yi hattara da bikin ƙaddamarwa. Mun sha zama a irinsa. A kira masu kuɗi, maroƙa su yi ta kirari, wani ya tashi ya ce ya sayi guda goma a kan kuɗi masu yawa, a tafa, a watse. Wani alkawarin a cika, wani a bi shi har takalmi ya ƙare. Ko an cika ma, littafin a ƙarƙashin kujerar mota zai kwana. Biki yana iya biyan bashin maɗaba'a, ba mu hana ba, amma kada ku ƙidaya waɗanda suka tafa cikin masu karatunku. Kada kuma ku cika bangon littafi da yabon kanku, yabon kai jahilci ne. In wani malami ya karanta ya nuna muku aibi, ku gode masa, don ya fi mai yabon da bai buɗe ba.

Shi kuwa almajirin namu, mun karɓi guda ɗaya mun karanta a daren nan. Labarin yana da rai, amma shafi goma sha biyu na farko duk asalin kakannin jarumin ne da kwatancin gidansu, ba abin da ya motsa. Duk wanda ya buɗe a rumfa, a nan zai rufe. Da safe muka ce masa, "Ɗan nan, labarinka daga babi na uku ya fara. Gobe ka zo aji ka karanta wa ƙannenka daga nan." Ya zo yana rawar murya. Da aka buga ƙararrawa yara suka ƙi fita, har wata yarinya ta tambaya ko nawa a ke sayarwa. Ba mu ce bashin kawu ya biyu ba, da sauran tafiya. Amma ya ɗaga ƙunshin daga ƙasa ya aza bisa benci, ya kuma ce in Allah ya kai shi ga bugu na biyu zai zubar da shafukan nan goma sha biyu.

Ku da naku ke cikin akwati har yanzu, kun fi shi sa'a, gama gyara da alƙalami ba ya cin tunkiya. Ku fito da shi cikin makon nan ku karanta wa mutanen gida. Allah ya ba mu masu gaya mana gaskiya, amin.