Shaidar Bayan Rai: Sharhi a kan Taƙaddamar Ɗariƙar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da suka daɗe suna ci wa manazarta tarihin Daular Sakkwato tuwo a ƙwarya akwai zancen cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar ɗariƙar Ƙadiriyya ya karɓi Tijjaniyya kafin rasuwarsa a Wurno cikin 1837. Maganar ba ƙarama ba ce, domin sharaɗin Tijjaniyya shi ne mai shigarta ya ajiye duk wani wuridin da yake riƙe da shi. Ke nan in zancen ya tabbata, Bello ya juya baya ga tafarkin mahaifinsa Shehu Usmanu. Wannan maƙala za ta auna hujjojin ɓangarorin biyu, ta kuma kwatanta su da wata taƙaddama mai kama da ita daga ƙasar Filifin.

2.0 Tushen Zancen

Asalin maganar zaman Alhaji Umaru Futi ne a Sakkwato bayan dawowarsa daga Makka, inda Shaihu Muhammadul Gali ya naɗa shi halifan Tijjaniyya. Ya shekara da dama wurin Bello, ya auri 'yarsa, ya kuma halarci yaƙin Gawakuke na 1836, wanda a cikinsa aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Bayan wannan yaƙi ne Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya wani reshensu ya kafa Sabon Birni. Umaru bai bar Sakkwato ba sai da Bello ya rasu sarauta ta koma hannun Abubakar Atiku.

Masu cewa Bello ya shiga Tijjaniyya suna dogara ne da wannan kusanci, da surukuta, da kuma irin girman da littafin Umaru, wato Rimah, ya ba Bello. Masu musantawa kuwa madogararsu Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya yi wa Bello wazirci tsawon mulkinsa, ya kuma rubuta Kashful Hijab don kore wannan da'awa.

3.0 Auna Hujjoji

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne duka shaidun biyu bayan rai suka yi magana, kuma kowannensu yana da abin da yake karewa. Umaru yana gina jama'a sabuwa a yamma, sunan Bello kuwa babban jari ne gare shi. Giɗaɗo yana tsaron gidan Shehu, wanda halaccin mulkinsa ya ɗamfaru da sunan Shaihu Abdulƙadir. Saboda haka ba a yi wa ilmi adalci ba in aka karɓi ɗaya ido rufe aka yi watsi da ɗaya.

Abu na biyu, kusanci ba shi ne mubaya'a ba. Malaman wancan zamani sukan girmama waliyyan ɗariƙun da ba nasu ba, su nemi albarkarsu, su karɓi addu'o'i daga baƙin malamai, ba tare da sun saki wuridinsu ba. Kuskuren da yawa daga masu da'awar shi ne ɗaukar yabo a matsayin shiga. Sai dai su ma masu musantawa suna da nasu rauni, domin shirun fada ba ya kore abin da aka yi a asirce. Modibbo Raji, almajirin Abdullahin Gwandu, ya daɗe yana ɓoye Tijjaniyyarsa kafin ya bayyana ta ya ƙaura Adamawa. Wannan ya nuna ɓoyewa mai yiwuwa ce a wancan yanayi. Amma yiwuwar abu daban, aukuwarsa daban.

Abu na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne alƙalamin Bello kansa. Mutum ne da bai saba barin mas'ala ba tare da ya rubuta ta ba, tun daga Infaƙul Maisur na 1812 har zuwa wasiƙun da ya riƙa aika wa sarakunansa. Da wuya a ce mai irin wannan ɗabi'a ya sauya tafarki a kan abu mafi girma ga jama'arsa, sa'an nan a rasa takarda guda tasa, wadda kowa ya yarda da ingancinta, da ta faɗi haka ɓaro-ɓaro. Nauyin kawo hujja yana kan mai da'awa, kamar yadda ƙa'idar fiƙihu ta tanada.

4.0 Misalin Filifin

An harbe Jose Rizal, gwarzon Filifin, a Manila ranar 30 ga Disamba 1896. Littattafansa biyu na 1887 da 1891 sun soki limaman Katolika 'yan Sifen waɗanda suka danne talakawa. Limaman Jesuwit suka ce a jajibirin kisansa ya sa hannu a takardar janye kalamansa, amma ainihin takardar ba ta bayyana ba sai 1935, lokacin da Fada Manuel Garcia ya tsinto ta a ma'ajiyar cocin Manila. Ricardo Pascual ya ce jabu ce, waɗansu masana kuma suka gaskata ta. Bambancin shi ne a can akwai takarda ana musun hannun da ya rubuta ta, a nan kuwa ruwaya ce ake musun isnadinta. Inda suka haɗu shi ne masu cin moriyar labarin su ne masu ruwaito shi.

5.0 Abin da Taƙaddamar ta Haifar

A 1956 majalisar Filifin ta yi dokar wajabta karanta littattafan Rizal a makarantu, duk da adawar coci. A cikin wannan shekara ce kuma rikicin Ƙadiriyya da Tijjaniyya ya kai ga zub da jini a ƙasar Isa da Shinkafi, bayan rushe masallatan Tijjanawa da aka yi a lardin Sakkwato cikin 1949. A lokacin Tijjaniyyar Shaihu Ibrahim Inyas tana bazuwa daga Kano, 'yan kasuwa da matasan gabashin lardin suna rungumarta, da yawansu kuma suna goyon bayan NEPU. A irin wannan hali, cewa Bello Batijjane ne tamkar ce wa masu mulki ne kakansu ya riga ya bar abin da suke tilasta wa mutane. Tambayar tarihi ta zama makamin siyasa, shi ya sa kowane ɓangare ya fi ƙarfafa murya a kan tace ruwaya.

6.0 Kammalawa

Abin da hujjoji suka tabbatar shi ne Bello ya girmama Umaru ya kusantar da shi. Ba su kai ga tabbatar da cewa ya saki Ƙadiriyya ba. Aikin da ya rage wa ɗalibai shi ne tattara kofe-kofen littattafan Bello na sufanci da ke Gidan Waziri Junaidu da Ma'aikatar Tarihi ta Sakkwato da hannun malaman Isa da Sabon Birni, a gwada su da juna, a tantance shekarun kwafarsu da ɗariƙar masu kwafar. Sai an yi haka za a iya rarrabe abin da Bello ya rubuta da abin da aka rubuta da sunansa.